Kare da jariri a gida ɗaya

1. Gaya da karnukanta

Gaya gari ne na bakin kogin Kwara, a kudancin Jihar Doso. Wanda ya tsaya a bakin ruwa yana hangen Malanbil, garin ƙasar Benin. Gada ce ta haɗa garuruwan biyu. Ta gabas kuma akwai hanyar Kamba, cikin Jihar Kebbi ta Najeriya. Ƙasar Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Ana noman gero da dawa da shinkafa da rogo da rake. Akwai garake na mangwaro, akwai dajin giginya.

Inda akwai gona da garka da garke, ba a rasa kare. A Gaya da ƙauyukanta, kamar Tanda da Bana da Bengu da Yelu, mutane suna kiwon kare don amfaninsa. Yana tsaron gida da dare. Yana korar biri da dila daga gona. Yana bin makiyayi daji, yana raka maharbi farauta. Malamai sun ce addini ya yarda a ajiye kare don tsaron gona ko dabbobi, ko don farauta. Sun kuma hana a cuce shi ko a bar shi da ƙishirwa.

Amma gidan da ke da kare, wata rana za a yi haihuwa a cikinsa. To, ga kare ga jariri a tsakar gida ɗaya. Uwa tana daka, ko ta tafi rijiya. Uba yana gona. Sau da yawa yayar jariri ko yayansa, wato ƴan makaranta, su ake bar wa raino. Saboda haka ya kamata kowane ɗan makaranta ya san yadda ake zama da kare da jariri lafiya.

Babbar doka guda ce: ba a barin kare da jariri su kaɗai, ko da na ɗan lokaci kaɗan ne, ko da karen mai sanyin hali ne.

2. Me ya sa kare yake cizon jariri?

Yawancin karnuka ba mugaye ba ne. Jariri kuma ba ya nufin kowa da sharri. Abin da ke kawo ɓarna shi ne, ba su san maganar juna ba.

Kare ya saba da manya. Ya san tafiyarsu da muryarsu da ƙanshinsu. Jariri kuwa baƙon abu ne a wurinsa. Kukansa siriri ne mai ƙarfi. Yana wutsil-wutsil da hannu da ƙafa. Yana ƙanshin nono. Wani kare yana jin tsoronsa. Wani yana son ya shinshina shi. Wani kuma, musamman karen farauta, idan ya ga ƙaramin abu yana motsi a ƙasa yana kuka, sai ya ɗauke shi kamar abin kamawa.

Hatsari yana ƙaruwa idan jariri ya fara rarrafe, wajen wata 6 zuwa wata 10. A lokacin, duk abin da ya gani sai ya je ya taɓa. Yana jan kunne, yana jan wutsiya, yana sa yatsa a ido. Yana bin kare har wurin kwanansa. Kare ba shi da hannun da zai ture shi, ba shi da bakin da zai ce: «Bari!» Abin da yake da shi haƙora ne. Babban kare yana da haƙori 42.

Ga wani abu kuma. Idan kare ya ciji babban mutum, yawanci a ƙafa ne ko a hannu. Amma fuskar mai rarrafe daidai take da bakin kare. Shi ya sa ƙananan yara suka fi samun cizo a fuska da kai da wuya. Ɗan cizon da zai bar wa babba ƙaramin tabo, yana iya yi wa jariri babbar illa.

Mutane sukan ce: «Ai karenmu bai taɓa cizon kowa ba.» Gaskiya ne, amma kowane cizo yana da na farko. Kare mai haƙuri ma, ranar da yake ciwo ko ya ji tsoro, haƙurinsa yana ƙarewa.

3. Maganar kare

Kare yana magana da jikinsa. Kafin ya yi cizo, yawanci sai ya yi gargaɗi. Ga alamomin, daga ƙanana zuwa manya:

- yana kawar da kai, ba ya son ya dubi yaron;
- yana hamma alhali ba barci yake ji ba;
- yana lasar hancinsa a kai a kai;
- yana tashi ya sauya wuri;
- yana kwantar da kunnuwa baya, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu;
- jikinsa yana sandarewa, ya zuba ido, gashin bayansa ya tashi;
- yana gurnani, yana nuna haƙora.

Mai raino nagari ba ya jira sai ya ji gurnani. Da ya ga alama ta farko, sai ya ɗauke jariri a hankali, ba gudu, ba ihu.

Kada a doki kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Karen da ake duka duk lokacin da ya yi gargaɗi, yana iya daina gargaɗin. Ran nan sai ya yi cizo ba tare da wata sanarwa ba. Kuma kaɗa wutsiya ba kullum yake nuna murna ba. Idan jikin kare a sandare yake, ko yana kaɗa wutsiya a yi nesa da shi.

Akwai lokutan da ba a barin yaro ya kusanci kare ko kaɗan: idan yana cin abinci ko yana gwaguyar ƙashi, idan yana barci, idan yana ciwo ko ya ji rauni, idan yana ɗaure, da kuma idan karya ce mai ƴaƴa. Karya tana ɗaukar ciki wajen wata 2. Idan ta haihu, tana kare ƴan kwikwiyonta kamar yadda kowace uwa take kare ɗanta. A lokacin, ko mai gida ma sai ya yi hankali da ita.

4. Shiri kafin haihuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun mace tana da ciki ake fara shirya kare.

Na farko, a ba shi wurinsa. A yi masa ɗan shinge da zana ko da ƙirare, can gefen gida, a inuwa. A ajiye masa kaskon ruwa da na abinci a wurin. Ya saba da kwana a can tun da wuri. Idan sai ranar suna aka kore shi daga wurin da ya saba, hankalinsa zai tashi, ga baƙi, ga hayaniya.

Na biyu, a koya masa cewa ɗaki ba wurin shigarsa ba ne. A koya masa ya zo idan an kira shi, ya tafi wurinsa idan an ce ya tafi. Ba da sanda ake koya masa ba. Idan ya yi daidai, a ba shi ƴar lomar tuwo. Kare yana saurin gane abin da ke kawo masa loma.

Na uku, a kai shi wurin likitan dabbobi, a yi masa allurar rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki.

Na huɗu, a ciyar da shi. Karen da ake bari da yunwa shi ke yawon bola da mahauta. A can yake faɗa da karnukan da ba su da masu su, ya kwaso cuta ya kawo gida. Shi ne kuma yake fizgar abinci daga hannun yara.

Ba a ɗaure kare da gajeriyar igiya dare da rana. Karen da ba ya samun motsa jiki yakan zama mafaɗaci. A sake shi lokacin da jariri yake goye ko yake cikin ɗaki a rufe.

5. Aikin mai raino

A ce wata yarinya ƴar aji 4 ta dawo daga makaranta. Uwarta za ta tafi kai wa ubanta abinci a fadama. Ta shimfiɗa wa jariri tabarma a gindin bedi, yana barci. Kare yana kwance a bakin zaure. Uwar ta ce: «Ga ƙanenki nan, ki kula da shi.» Yarinya ta ce: «To, Inna, sai kin dawo.»

Jim kaɗan, ƙawarta ta leƙo ta bisa danga, ta ce ta zo ta taya ta ɗaukar tulu, yanzu za ta komo. Me ya kamata yarinyar ta yi?

Hanya uku gare ta. Ko ta goya jaririn ta tafi da shi. Ko ta kai shi ɗaki, ta kwantar da shi cikin sange, ta ja ƙyaure ta rufe sosai. Ko ta ce wa ƙawarta: «Ki yi haƙuri, raino nake yi.» Hanyar da babu ita ita ce ta bar shi a kan tabarma ta ce: «Ai yanzu zan dawo.» Abin da zai faru, kafin a ƙirga goma ya faru. A tuna kuma, sange sauro yake hanawa, ba kare ba. Asabari ma ba ƙofa ba ne.

Ga sauran abubuwan da mai raino yake kiyayewa:

Idan jariri ya sha nono ko kunu, a goge masa baki da hannu da ruwa. Ƙanshin abinci yana jawo kare.

Kada a bar kare ya lashi fuskar jariri ko hannunsa, ko da wasa ne.

Kada a ɗora jariri a bayan kare kamar doki. Kada a kama hannunsa a ce ya doki kare don mutane su yi dariya. Abin da aka koya masa a gaban manya, shi zai yi ranar da babu kowa.

Kada a ba yaro nama ko ƙashi a hannu yana zaune a ƙasa kusa da kare. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Idan mai raino shi kansa ƙarami ne, bai kai ya ɗauki jariri ya tashi da shi ba, to, ba a bar masa kare da jariri. Wannan aikin babba ne.

Idan baƙon kare ya shigo gida, ko ya tare mai goyo a hanya, kada a ruga, kada a jefe shi. Gudu yana sa kare ya bi mutum. A tsaya cik kamar icce, a sauke hannuwa, a kawar da ido. Idan ya shinshina ya juya, sai a ja da baya sannu sannu.

6. Tsabta

Ba cizo kaɗai ne abin tsoro ba. A cikin kashin kare akwai ƙwan tsutsa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna daɗewa a cikin ƙasa ba su mutu ba. Mai rarrafe kuwa hannunsa kullum yana ƙasa, daga ƙasa sai baki. Haka tsutsa take shiga cikinsa.

Saboda haka, kowace safiya a share tsakar gida. A kwashe kashin kare a zuba a masai ko a binne shi. Kashin jariri ma a zuba shi a masai nan da nan, kada a bar wa kare. Wanda ya taɓa kare ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki jariri. A rufe randa da tukunya. Ƙwaryar jariri daban, kaskon kare daban. Malamai sun koyar cewa ƙwaryar da kare ya sa baki a ciki a wanke ta sau 7. A riƙa duba jikin kare, a cire masa kaska da ƙuma.

Ranar Layya, wani lokaci ana ganin ƙullutu mai ruwa a hantar rago ko a huhunsa. Kada a jefa wa kare wannan nama. Akwai ƴaƴan wata tsutsa a ciki. Idan kare ya ci, tsutsar tana girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya koma ga mutane. A ƙone irin wannan nama, ko a binne shi da zurfi.

7. Ciwon haukan kare

Wannan shi ne mafi muni cikin cututtukan da kare yake sa wa mutum. Da Faransanci ana ce da shi «la rage». Ƙwayar cutar tana cikin miyan karen da ya kamu. Tana shiga jikin mutum ta wurin cizo, ko yakushi, ko idan kare ya lashi miki ko ido ko baki. Daga nan sai ta bi jijiyoyi sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci tana ɗaukar wata 2 zuwa 3 kafin ciwo ya bayyana. Wani lokaci mako 1 ne kawai, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da kai ya fi hatsari, domin hanyar zuwa ƙwaƙwalwa gajeriya ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen dubu 59 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Wajen 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukan waɗanda suka kamu, daga kare suka samu.

Yaya ake gane karen da ya kamu? Halinsa yana sauyawa. Yana cizon duk abin da ya samu, har icce da dutse. Muryarsa tana sauyawa. Miyau yana dalala daga bakinsa. Amma ba kowane ne yake hauka a fili ba. Wani sai ya yi shiru, ya lafe a lungu, bakinsa a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don ya ciro ƙashi. A nisanta yara, a gaya wa manya, a kira ma'aikatan kiwo. Kyanwa ma tana kamuwa, ita ma a kula da ita.

Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma kafin su bayyana akwai magani. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Luwi Fastar, shi ya gano allurar. Ranar 6 ga watan Yuli na shekarar 1885 aka fara yi wa mutum ita. Yaro ne ɗan shekara 9, sunansa Yosef Maista, mahaukacin kare ya cije shi. Yaron ya rayu har ya girma. Fastar ya rasu ranar 28 ga Satumba 1895. Kowace ranar 28 ga Satumba duniya take tunawa da yaƙi da wannan ciwo.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi wa karnuka allura. Ana yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya ce. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kare 70 cikin 100 allura a wuri, ciwon yana daina yaɗuwa. Wannan yana da muhimmanci a gari irin Gaya. Kare ba shi da takardar tafiya, bai san iyakar ƙasa ba. Yana bin makiyaya da maharba ta hanyoyin daji. Karen da ya kwana a ƙasar Kamba yana iya wayar gari a ƙasar Gaya. Ba wanda zai iya tare dukan karnukan hanya. Amma kowane mai gida yana iya yi wa nasa allura. Rigakafi ya fi magani.

8. Idan kare ya ciji yaro

Na 1. A raba su, a rufe karen. A kira babba nan take. Kada mai raino ya ɓoye don tsoron faɗa. Faɗan Inna yana wucewa, ciwon haukan kare ba ya wucewa. Ko yakushi ne ƙarami, a faɗa.

Na 2. A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15. Minti 15 yana da tsawo, yaron zai yi kuka, amma kada a gajarta. Wankin nan yana fitar da ƙwayoyin cuta da yawa. Idan jini yana zuba sosai, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kama hanya.

Na 3. Kada a zuba toka ko barkono ko ƙasa ko ganye a mikin.

Na 4. A kai yaron gidan likita mafi kusa, ko asibitin Gaya, a ranar. Kada a ce sai gobe, kada a ce sai an ga hali. Likita zai duba ko yana bukatar allura. Ba sau ɗaya ake yin ta ba. Likita zai faɗi ranakun komawa, a cika su duka. Allurar ba ta cutar da jariri, ba ta cutar da mai ciki.

Na 5. Idan karen gida ne kuma lafiyarsa lau, kada a kashe shi, kada a kore shi. A tsare shi, a ba shi ci da sha, likitan dabbobi ya duba shi. Ana lura da shi aƙalla kwana 10. Amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a kai yaro wurin likita.

Wasu suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma wanda ya rufe ƙyaure, ya ciyar da karensa, ya yi masa allura, ya sa ido a kan ƙanensa, ya yi abin da ke kansa. A irin wannan gida kare yana tsaronsa, jariri yana girma. Idan ya yi wayo, ya san yadda ake shafa kare a hankali, wataƙila shi da karen nan za su riƙa tafiya garka tare.

Tambayoyi

1. Wane amfani kare yake yi wa mutanen ƙasar Gaya?
2. Mece ce babbar dokar zaman kare da jariri?
3. Me ya sa ƙananan yara suka fi samun cizo a fuska?
4. A kawo alamomi 4 da kare yake nunawa kafin ya yi cizo.
5. Me ya sa ba a dukan kare idan ya yi gurnani?
6. Waɗanne hanyoyi uku yarinyar nan take da su da ƙawarta ta kira ta?
7. Minti nawa ake wanke cizon kare, kuma da me?

Lissafi

A wani ƙauye akwai kare 50. Kare nawa ya kamata a yi wa allura don a kai 70 cikin 100?

Aikin gida

Kowane ɗan makaranta ya zana tsakar gidansu. Ya nuna inda jariri yake kwana, da inda kare yake kwana, da inda randa take. Ya nuna wa iyayensa zanen, ya karanta musu kashi na 8.